Dangwalen da Auta Ba Ta Yi Ba

Sufeto bai gama cire hula ba mata biyu suka faɗo ofishinsa, ɗaya na kuka, ɗaya na riƙe da ita.

Mai kukan Auta ake ce mata. Tela ce, shagonta na jikin gidan mahaifinta marigayi, a ɗakunan baya kuma take zaune da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Da safen nan wani ɗan kasuwa ya zo da magina, ya ce ya sayi gidan, ta kwashe komatsanta kafin ƙarshen mako, rushewa za a yi.

"Wa ya sayar masa?" in ji Sufeto.

"Yayanmu, ranka ya daɗe. Wai kotun gado ta ba shi izini, wai ni ma na je na yarda. Wallahi ko ƙofar kotun ban sani ba."

Ya dubi ɗayar. "Ke fa?"

"'Yar Gwaggo suke ce mini. Uwata ƙanwar marigayi ce. A gidan na tashi, gado ɗaya muke kwana da Auta tun muna yara."

"Ita kaɗai ta rage mini," in ji Auta tana share hanci.

Sufeto mutum ne mai ji da kansa wajen karantar fuska, har yakan cika baki a kai. 'Yar Gwaggo ta kwanta masa a rai. Da kansa ya ja mata kujera.

A kotun gado sai da ya yi ture-ture kafin ya kai teburin magatakarda. Gumi ya jiƙa wuyan rigar mutumin.

"Sabuwar doka ce ta jawo mana wannan cinkoso," in ji magatakarda. "Da, babban ɗa ya rantse, shi ke nan. Yanzu kowane magaji sai ya zo da ƙafarsa, ya nuna katin shaida, ya dangwala a gabana. An ƙara kuɗin rajista, amma ba a ƙara mini ko kujera ba."

"Ƙanwar ta zo?"

"Ga kwafin katinta, ga dangwalenta."

Katin na Auta ne, babu tantama. Sufeto ya san in ya aika zanen yatsan hedikwata, kafin amsa ta dawo gidan ya zama fili.

Ya sami Yaya a shagonsa na kayan gyaran mota, yana ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ita da kanta ta bi ni," in ji Yaya. "Daga baya aka zuga ta. Ka san mata."

"Ban san su ba. Wace irin riga ta sa ranar?"

"Haba yallaɓai, ni tela ne?"

"Yaushe rabonka da shagonta?"

"Tun da aka yi rasuwa ban leƙa ba. Ba ma shiri."

Wannan kam gaskiya ya faɗa, maƙwabta sun shaida. To ashe ba shi ya ɗauko katin ba.

Auta ta nuna wa Sufeto inda take ajiye shi: aljihun keken ɗinki, ƙarƙashin zare da allurai. Yana nan daram. An ɗauka, an mayar.

"Wa ya san wurin nan?"

Auta ya tambaya, amma 'Yar Gwaggo ce ta amsa, murya ƙasa-ƙasa. "Ba na son shiga tsakani, amma matar Yaya ta zo awon riga kwanakin baya. Ta daɗe a nan ita kaɗai."

Sufeto ya gode mata har sau biyu.

Matar Yaya malamar makaranta ce, bakinta kuma ba ya jiran izini. "Ni in shiga kotu in ce Baba ne ya haife ni? Je ka duba, ranar ina aji, shugabar makaranta na nan da ranta. Abin da mijina ya ƙulla, shi ya sani."

Shugabar ta tabbatar. Sufeto ya koma kotu ransa a dagule.

"Fuska kam kar ka tambaye ni," in ji magatakarda. "Mutum nawa nake gani?"

"Ka tuna ko me. Murya, tafiya, magana."

Magatakarda ya sosa ƙeya. "Akwai abu ɗaya da ya ba ni dariya. Doka ta ce in tambayi kowa da baki, me marigayi yake a gare ka. Da na tambaye ta, sai ta ce, 'Kawu... au, Babana ne.' Yayan ya ce baƙin ciki ne ya ruɗa ta. Na ce Allah ya jiƙansa, na miƙa tawada."

Sufeto ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. 'Ya'yan marigayi Baba suke ce masa, surukarsa ma Baba. Mutum ɗaya ce a gidan nan uwarta ta haɗa ciki da shi. Kunya ta kama shi, haushi ya biyo baya, don shi ma an yi wasa da hankalinsa.

Ya sa saje ya ɗauko Yaya, suka wuce shagon Auta tare da magatakarda da wata 'yar sanda. 'Yar Gwaggo na zaune tana taya ta ninke yadi. Sufeto ya nuna hoton da ke jikin bango kamar mai hira.

"Wannan dattijon fa?"

"Kawu ne, Allah ya jiƙan..." Ta hango Yaya a bakin ƙofa da ankwa. Yadin ya zame daga hannunta.

"Haka kika ce wa magatakarda," in ji Sufeto. "Yana waje. Ga tawada kuma na zo da ita. Miƙo babban yatsa."

Ba ta miƙo ba. Ta sulale ƙasa.

"Ni ce," ta ce. "Ni na yi jinyar Kawu, ni na wanke shi, ni na juya shi a gado. Da ya rasu aka ce doka ba ta san ni ba, ko cokali ba ni da shi. Yaya ya ce shagon kawai zai sayar, ɗakin Kawu ya zama nawa. Sai da magina suka zo na gane har ni ya sayar."

"Ƙarya take!" in ji Yaya. Saje ya ja shi waje.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon matar.

"Da kika riƙe ni har caji ofis, tausayina kike ji ko gadina kike yi?"

'Yar sanda ta kama hannun 'Yar Gwaggo, suka fita.

"Zan kai wa alƙali rahoto yau," in ji Sufeto. "Cinikin ba zai tsaya ba. Babu mai fitar da ke da 'ya'yanki."

Auta ta gyaɗa kai. Ta zauna a gaban keken, ba ta taka shi ba.

"Na gode, ranka ya daɗe. Amma tun ina yarinya, duk abin da ya same ni ita nake gaya wa. Wannan kuma wa zan gaya wa?"

Sufeto ya juya hularsa a hannu. Sannan ya sa ta, ya fita a hankali.