Wayar Wuta Da Wayar At

Ran da ya fara ganinta, kansa na ƙarƙashin sitiyarin motar mahaifinta, ƙafafunsa a waje. Ta sunkuyo ta miƙa masa fulayar da ta faɗi, shi kuwa ya zabura har goshinsa ya daki sitiyari. Daga ranar ta raɗa masa suna Mai Ƙulu, garejin kaf suka ɗauka.

Mahaifinta tsohon mai gyaran wayar mota ne. Ido ya sa shi ajiye aiki, amma bakinsa bai yi ritaya ba. Ƙarin fitilu ya kawo a sa masa. Mai Ƙulu ya ja wuta daga batir, ta bi ta fiyus zuwa fitilun, ya ɗaura makunnin a wayar at, wadda ke komawa jikin mota.

"Mu a wayar wuta muke sa makunni," in ji tsohon. "In ka kashe, ka kashe. Kai ka bar wuta kwance cikin waya ko mota na ajiye."

"Baba, motocin yanzu da yawa haka suke. Ga fiyus nan dab da batir. In waya ta goge, shi zai fara ƙonewa."

Tsohon ya ja tsaki, ya shiga motarsa.

Wata biyar ana soyayya, har magana ta kai ga manya. Sai wata rana da azahar, motar tsohon na ajiye a ƙofar gida, makunni a kashe, gabanta ya kama da wuta ya ƙone ƙurmus.

Baba bai tsaya jin ba'asi ba. "Wanda bai san inda ake tare wuta ba, ba zan ba shi 'yata ba."

Labari ya zaga. Masu motoci suka daina tsayawa a rumfar Mai Ƙulu, ya wuni yana goge kayan aikin da ba su yi datti ba. Mai shagon batir na tsallaken titi kuwa har ya fara kai wa Baba gaisuwa, sabon turare na tashi.

Mai Ƙulu ya tura mata saƙo: "Fitilata, wallahi na sa fiyus. In kowa ya ƙaryata ni, ke kada ki ƙaryata ni."

Kwana tara shiru. Bai taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba. Ya daina cin abincin kirki, ya fara shakkar hannunsa ma. Ranar ta goma amsa ta zo: "Mai Ƙuluna, ban ƙaryata ka ba. Akwai abin da na gani da idona, amma ubana ne, ba zan iya tona shi a gaban mutane ba. Ka yafe min."

Ya karanta sau uku bai fahimta ba, illa dai ya ɗauka sallama ce. Ya soma zuba kayan aikinsa a buhu.

Yana cikin ɗaure bakin buhun ya ga inuwa a kansa. Baba ne, ita tana bayansa, idanunta sun kumbura. Tsohon ya ajiye wani baƙin abu a kan benci: ƙonannen fiyus, an naɗe shi da silin jan waya.

"Sau biyu yana ƙonewa," in ji Baba, muryarsa ƙasa ƙasa. "Maimakon in nemi inda waya ta goge, sai na naɗe shi, irin yadda muke yi a da. Yarinyar nan ta gan ni. Kwana goma ba ta ce min uffan ba, kallona kawai take yi. Kallon ne ya ishe ni."

Mai Ƙulu ya durƙusa.

"Tashi, ɗana. Aikinka bai ci amanata ba, nawa ne ya ci taka. Ka turo manyanka a sa rana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Ta share hawaye tana murmushi. Baba ya juya zai tafi, sai ya waigo.

"Amma makunnin gidanku, a wayar wuta za a sa shi."

"To, Baba," in ji shi, ya kwance bakin buhun.