Manassa Ɗaya a Gida

A zamanin Turkawa, a garinmu Safad na kan dutse, wata Juma'a da hantsi Bluma na zaune bakin murhu da tsohon ciki, mahaifiyarta Gitel na kitsa ƙullin gurasar Asabar, ranar hutunmu da ibada.

"In namiji ne, kin dai san mai jira," in ji Gitel, tana nuna sama da haɓa.

"Inna, ki yi shiru mana! Ba a faɗar suna kafin rana ta takwas."

"Na faɗa ne? Nuni na yi."

Bluma ta yi murmushi. Mahaifinta Zalman ake nufi, wanda ya rasu tun suna ƙasar sanyi. Su a wajensu mamaci ake yi wa takwara, don kada sunansa ya bi shi kabari. Mijinta Nissim kuwa ɗan tsofaffin gidajen garin ne, ɗan Manassa maƙerin tagulla. Da ƙyar iyaye suka yarda da aurensu, ga shi shekara shida tana ta ɓari. Ba ta taɓa tambayarsa zancen suna ba, shi ma bai tambaye ta ba. Kowa a ganinsa abu ne sananne.

Allah ya sauke ta lafiya, ta sami namiji. Ran takwas gida ya cika. Aka ɗora jariri a cinyar tsoho Manassa, wanzami ya yi masa kaciya, malami ya ɗaga ƙoƙon inabi ya miƙa wa Nissim kunne, sannan ya ɗaga murya:

"Za a kira shi Manassa ɗan Nissim!"

Dangin miji suka rangaɗa guɗa. Tsoho ya rufe ido, hawayen murna na bin gemunsa. Can cikin mata kuwa sai aka ji faranti ya tarwatse.

"Wane Manassa?" Gitel ce. "Ga shi nan zaune da ransa!"

"Ai dalilin ke nan, Inna," in ji Nissim. "Ɗan fari sunan kakansa yake ci, kakan ya ji da kunnensa."

"Ranar da mala'ikan mutuwa ya zo neman Manassa ya tarar da biyu a gida ɗaya fa? Wa zai ɗauka? 'Ya'ya uku na binne, yaro, ba labari nake ba ka ba! Kuma duk sunayen duniya, sai na sarkin nan na dā da ya cika Haikali, ɗakin Allah, da gumaka?"

Wata gwaggon Nissim ta kama ƙugu. "Ji mu da mata! Ku da sai mutum ya mutu kuke tuna girmansa?"

Bluma na kwance a ɗaki, komai a kunnenta. Da Nissim ya shigo ba ta dube shi ba.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ke me ya sa ba ki tambaya ba? Wallahi, Bluma, ban san haka kuke yi ba."

"Shekara shida nake jiran yaron nan, ka tsayar mini da shi a bakin kabari."

Sunan da aka kira gaban jama'a ba ya komawa ciki. Da ta sami ƙarfin tashi, Bluma ta ɗauki ɗanta ta bi uwarta zuwa gidanta da ke lungun sama, don kada masu suna ɗaya su kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Ko sau ɗaya ba ta kira sunan ba. "Yaro" take ce masa.

Kowace Juma'a Nissim yakan hau matakalar lungun da kifin tafkin Tabariya a hannu, ya ƙwanƙwasa. Gitel ta karɓi kifin ta rufe ƙofa. Bluma na ganinsa ta taga, ya rame, aljihun rigarsa ya yage ba mai ɗinke masa. Sai ta cusa fuska a wuyan yaron ta yi ta kuka.

"Ki nemi takardarki," in ji Gitel wata rana.

"Ina sonsa, Inna."

"Shi ko ɗanki?"

Bluma ta ƙara rungume yaron.

Wata huɗu ana haka, sanyi ya sauko, yaro ya kwanta da zazzaɓi. Kwana biyu ko nono ba ya kamawa. Da Nissim ya zo, Bluma da kanta ta buɗe, idanunta jajur.

"Je ka gaya wa mahaifinka an zo nemansa, an yi ɓatan kai!"

Kafin ta rufe baki ta yi nadama, amma magana ta riga ta fita.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa a hankali. Tsoho Manassa ne, yana haki, ya dogara sanda. Ko Gitel ba ta iya hana shi shiga ba. Ya zauna gefen shimfiɗa ya daɗe yana kallon jikansa.

"'Yata, kin san ma'anar sunan nan?"

Ta girgiza kai.

"Yusufu ɗan Yakubu ne ya fara raɗa shi. Bayan rijiya, bayan bauta, bayan kurkuku, ya sami ɗa, ya ce, Allah ya mantar da ni wahalata duka. Manassa, mai mantar da baƙin ciki. Sarkin da mahaifiyarki ta ambata ma, a ƙarshe ya tuba an karɓa. Da na ji an kira sunan a kan yaron nan, na ce shekarunki shida sun wuce ke nan. Ashe sabuwar wahala na ɗora miki."

"Baba, maganar jiya..."

"Bar ta. Daga majami'a nake. Na tara mutum goma, na sa malami ya yi mini addu'ar da ake yi wa wanda ciwo ya ci ƙarfinsa, ta sauya suna. Ya ce lafiyata ƙalau, na ce ya dai yi. Yanzu sunana Hayim, wato rai. Manassa ɗaya ne ya rage a gidanmu, ga shi nan kwance."

Gitel ta dafe ƙirji. "Sunanka na shekara saba'in?"

"Na kakana ne ma, shi ya riƙe ni a cinya. Da shi marigayiya matata take kirana in tukunya ta nuna. Ni ban yarda mala'ikan Ubangiji na ɓatan kai ba, 'yata. Amma na yarda ke ba kya barci."

Bluma ta durƙusa ta kama hannunsa mai kantar guduma, ta fashe da kuka. Gitel ta juya baya tana share ido da gefen ɗankwali, sannan ta zuba masa shayi da hannunta.

Bayan kwana uku zazzaɓi ya sauka. Ko maganin likita ne, ko addu'a, ni dai ban sani ba. Yaron ya buɗe ido, uwar ta sunkuya ta ce, "Manassa." Nissim na bakin ƙofa, ya ji. A ranar suka koma gida.

Tsohon bai taɓa waiwayar sunan ba. A kasuwa abokan ƙuruciya kan manta su ƙwala masa kira, "Manassa!" Sai ka ga kafaɗarsa ta motsa, ya tsaya cak, sannan ya ci gaba da tafiya. Bayan shekara biyu aka sake haifar namiji, kuma shi ne ya fara cewa, "Wannan Zalman ne, kowa ya ji tun yanzu!"

To, 'yan'uwa masu shirin aure, in kun haɗa jini da wani gida ku tambayi al'adarsa tun da wuri, don abin da yake girmamawa a nan, can tsoro ne. In kuma an riga an ɓata, gyara na hannun wanda ya iya haƙura da abin da ya fi so. Nissim ya yi haƙurin wata huɗu ya sami matarsa. Tsoho ya ba da sunansa, ya sami jikoki biyu suna ja masa gemu.