Makullin Ɗakin Girkin Baba Inazio

"Urko, makullin wane ne wannan?"

A garin Lekeitio ne, da rana tsaka, Garazi da saurayinta Urko suna zaune a wata rumfar cin abinci mai kallon jiragen masunta. Urko ya sa hannu a aljihu zai zaro hankici, sai makullin ya biyo shi ya faɗo gefen farantin gasasshen kifi. Garazi ba ta buƙatar amsa. Ta san jan zaren da ke jikinsa, ita ta ɗaura shi tana 'yar shekara tara.

Makullin coko ne, ɗakin girkin ƙungiyar maza na garinsu Mutriku, inda mahaifinta Inazio da abokansa ke haɗuwa kowace Asabar su dafa, su ci, su yi waƙa. Mace tana iya zama a teburi in an gayyace ta, amma tsakanin teburi da murhu akwai wani shingen katako da ƙafar mace ba ta taɓa tsallakawa ba. Makulli kuwa daga uba sai ɗa, kuma Garazi kaɗai Inazio ya haifa.

Urko ya yi tsuru-tsuru. Da ƙyar ya ce Baba ne ya ba shi ranar Lahadi, 'yan ƙungiya ma har sun amince, yana jiran su gama wannan yawo na bakin teku ne ya yi mata albishir.

"Albishir?"

"Masoyiyata, ai gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Wata ɗaya ya rage bikinmu. Duk Asabar zan gayyace ki ki zauna kusa da ni..."

"Ka gayyace ni."

Ta yi masa kallon hadarin kaji. Urko mutumin kirki ne, malamin lissafi ɗan birnin Bilbo, mai haƙuri kamar damo, amma ko ƙwai ya soya sai an buɗe taga. Shi ne aka ba makullin murhu!

Abin da bai sani ba, shekara uku ke nan hannun Inazio ke rawa. Sunan da ya yi a garin nan da ƙananan kifin tawada ya yi shi, waɗanda ake wankewa ɗaya bayan ɗaya, a cusa, a dafa cikin baƙin ruwansu. Girki ne da ya fi daɗi in ya kwana, don haka ba wanda ya yi mamaki da Inazio ya koma zuwa da tukunyarsa daga gida, ɗumamawa kawai yake yi. Duk Juma'a Garazi ke tsayuwa awa huɗu a kan albasa har idonta ya kumbura, washegari maza su tafa wa Inazio. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba ta taɓa jin ciwon haka ba, don ubanta ne. Sai yau.

Ta faɗa masa duka, tana yi tana datsa kifin gabanta kamar shi ya yi mata laifi. Ta cinye tas, don fushi bai taɓa hana 'yar Mutriku cin abinci ba, sannan ta ce a tashi.

Suka shiga mota suka kama hanyar gida. Da suka iso garin Ondarroa Urko ya tsaya, wai ko farfesun kifi da dankali su sha, tun jiya a Bermeo take maganarsa. Aka kawo. Ya ɗanɗana ya ce da daɗi. Ta ce an yanka dankalin da wuƙa maimakon a ɓalle shi, shi ya sa romon ya tsinke, amma ina mai makulli zai sani. Ya haɗiye wannan. Ya ce ta duba halin da ya shiga, surukinsa ne ya miƙo masa abu a gaban dattawa, da wane baki zai ce a'a.

"Da bakin da ka ce kana sona," in ji ta. "Ba zan auri mutumin da zai tsallaka katakon nan ya bar ni a baya ba. Ka zaɓa kafin mu shiga Mutriku."

Tafiyar minti goma ce tsakanin garuruwan biyu, kuma ranar Asabar ce.

Ta tura ƙofar coko ba sallama. Maza wajen ashirin suka waigo. Can ciki, bayan katakon, ta hango mahaifinta. Tunda ba ta gari jiya, babu tukunyar da zai kawo, sai ya tsaya zai yi da kansa. Kifin na suɓuce masa, wuƙar na kaɗawa, ya naɗe babban yatsansa da tsumma, tsumman ya yi ja. Abokansa kowa ya sami abin kallo a bango.

Nan zuciyarta ta rabu biyu. Ta zo ne ta tona asiri a gaban kowa, ga shi tausayi ya kama ta, hakan kuma ya ƙara mata haushi.

Urko ne ya wuce ta. Ya tsaya daidai bakin katakon bai tsallaka ba, ya ajiye makullin a kan teburi, ya ce Baba ya yi haƙuri, an ba shi abin da ba nasa ba.

Inazio ya yi kansa da faɗa. Ya ce shekara sittin ba a taɓa mayar da makulli a ɗakin nan ba, yaron Bilbo ne zai zo ya kunyata shi? Ya juyo kan 'yarsa ya ce ita ta zuga shi.

"Ni ce, Baba."

"To me kike so in yi? Ni na kafa dokar? Ƙofa ɗaya na sani da makullin nan zai kwana a gidanki, ita na bi."

"Ba kwana nake so ya yi a gidana ba. Ko tambayata ba ka yi ba, Baba. Shekara uku..."

Sai tsoho Bittor, shugaban ƙungiyar, ya yi gyaran murya ya ce ta bar wahalar da kanta, duk sun sani. Tun ranar da gishirin Inazio ya fara zama daidai suka gane ba hannunsa ba ne. Wasu suka yi dariya. Garazi ba ta yi ba. Ta tambaye shi, tunda sun sani, sun kuma suɗe kwano shekara uku, yau za ta iya shiga ta karɓi wuƙar nan daga hannun ubanta kafin ya cire yatsa?

Bittor ya kalli katakon. Ya ce ai doka doka ce, 'yata.

Inazio ya daɗe yana kallon Bittor, abokinsa tun suna fita kamun kifi a jirgi ɗaya. Ashe sun san wa ke ciyar da su, kuma ko kujerar kusa da murhu ba su taɓa cewa a ja wa 'yarsa ba. Ya kwance ƙyallen girkinsa ya ninke. Ya rungumo tukunyar ƙasar da ɗanyen kifin a ciki, tana karkarwa a ƙirjinsa, ya tsallako.

"Karɓi, kada in fasa. Mu je gida. Kai kuma malamin lissafi, ka iya yanka albasa?"

"Zan koya, Baba."

Ba wanda ya kira Inazio, shi ma bai waiwaya ba. Sai a kan matakalar da ke hawa unguwarsu Garazi ta ga kafaɗunsa na girgiza, ta gane ba rawar ciwon ba ce.

An yi biki a watan da aka sa, ita ta dafa wa mutum tamanin da hannunta, mijinta na gefe yana hawayen albasa yana kiranta rabin ransa. Daga coko mutum uku suka zo.

Inazio bai sake komawa ba. Amma duk Asabar da azahar sai ya ce zai je ya duba teku, kuma Garazi ta san hanyar teku ba ta bi ta layin coko ba. Ta taga take hango shi yana rage sauri a daidai ƙofar, lokacin da suka fara waƙa, leɓensa na motsi. Ranar da ta fara ganin haka ta zauna a ƙasan ɗakin girki ta yi kuka har Urko ya tsorata.

"Ni na raba shi da su," in ji ta.

Da tsohon ya dawo ya tarar da ita haka, ya tsaya a bakin ƙofa yana haki.

"Tashi ki zuba mini abinci. Waƙar kawai nake zuwa ji. Su ai ba su cancanci girkinki ba."