Cibiya Biyu, Jariri Ɗaya

Sufeto Ɗangiwa ya saba da ƙarar shanu da babura, amma bai taɓa karɓar irin wadda Inna Atu ta kawo ofishin 'yan sanda na Tambuwal ba. An yi wa 'yarta Maryama tiyatar haihuwa a wani asibitin kuɗi, aka ba su ɗa namiji ɗaya. Da tsohuwar ta je wanke mabiyiya don ta binne a bayan ɗaki, sai ta ga cibiya biyu.

"Ɗa guda anka ba mu, Yallaɓai. Ina gudan?"

Sufeto ya miƙe ya nufi asibitin.

A asibiti aka ɗauko masa fayil. Jariri ɗaya aka rubuta, da sa hannun Dakta Zayyanu, sabon likita mai neman ƙwarewa. Ya rantse abin da ya gani ya rubuta, sai dai gumi ya hana rantsuwar zama.

"A ina ka tsaya lokacin aikin?"

Dakta Zayyanu ya sunkuyar da kai. Ashe ko ɗakin bai shiga ba, yana wajen wata mai zubar jini. A asibitin, babban likita ke yanka, ƙarami ya cike takarda daga baya. Shi kuwa bakin Sista Sauda, nas ɗin tiyata, ya bi.

Sufeto ya kira babban likitan a waya. Ya ce tagwaye ya ciro, na biyun ba rai, ya miƙa wa Sauda ta sanar da dangi, ya wuce Sakkwato bai duba fayil ba.

Sauda kuwa ta ɗauki hutu, wai uwarta ba lafiya a Kebbe. Sufeto ya bi ta can, ya tarar da uwar garau tana sussukar gero, ga tsumman jariri a shanya. Sauda ta ce ɗan maƙwabciya ne. Da ya ce a kira maƙwabciyar, sai Sauda ta zauna a ƙasa.

"Gawa anka miƙo min, wallahi. Na naɗe shi cikin zane, ni ka tafiya, sai yay yi atishawa a ƙirjina. Na ga babu shi a takarda, babu mai nemanai. Ni ko tunda niy yi aure ban taɓa ko ɓari ba."

Aka fito da yaron. Ɗan mitsitsi ne, amma ya damƙe yatsan Sufeto da ƙarfi. Sufeto ya ga abubuwa a aikin nan, wannan kam ya fi ƙarfinsa. Salati kawai yake yi, yana mamakin ikon Allah.

Maryama, da aka taho da ita, na jira a motar 'yan sanda, ɗinkinta ko warkewa bai yi ba. Ta karɓi yaron, ta kwantar da shi kusa da ɗan'uwansa.

Da kurtu ya tasa Sauda gaba, sai ta waiwayo.

"Ba ya barci sai an dafa mai baya," in ji ta. "Ki riƙa dafa mai."