Me Ke Cikin Ƙwallon Baba?

A wani ƙaramin gari a jihar Kansas ta Amurka, zamanin da keken doki ya fi mota yawa, akwai wata yarinya mai yawan tambaya. Mahaifinta, Mista Pruitt, shi ne kocin kwalejin garin. Da kaka yakan koya wa samari zari-ruga, wasan da ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita. In dusar ƙanƙara ta rufe fili, sai su koma zaure su yi ƙwallon kwando, wasan da bai daɗe da shigowa ba.

Ƙwallon kwando ɗaya tak kwalejin ke da ita. Ta fata ce, an ɗaure bakinta da igiya kamar takalmi. Kullum a gidan kocin take kwana.

Wata ranar Juma'a yarinyar ta ce, "Baba, me ke cikinta da take tsalle haka?"

"Sai na dawo, sarkin tambaya. Gobe baƙi za su zo wasanmu na farko."

Yana fita, ta ɗauko ƙwallon. Igiyar ta ƙi kwancewa, sai ta sa tsinken saƙar mamarta ta zura.

Fuuus! Ƙwallon ta lotse kamar tsohuwar hula.

Nan da nan ta tura ta ƙarƙashin gado.

Da la'asar Baba ya dawo da Elmer, dogon ɗan wasansa. Suka duba ko'ina.

"Koci, in babu ita, da kabewa za mu yi wasan?" in ji Elmer.

Baba bai yi dariya ba. "Sabuwa sai an aiko da ita ta jirgin ƙasa, Elmer. Dole mu ce wa baƙin kada su zo."

Yarinyar ta kasa daurewa. Ta jawo ƙwallon tana hawaye.

"Ni ce, Baba. Cikinta nake son gani."

Ya karɓi ƙwallon ya duba. "To, kin gani?"

"A'a."

"Ɗauko rigar sanyinki. Ke za ki yi wa mai gyara bayani da bakinki."

Su uku suka tafi shagon tsoho Lindquist mai gyaran keke. Ta faɗa masa komai, kanta a sunkuye.

Tsohon ya kwance igiyar a hankali, ya zaro wata jakar roba.

"Ga asirin, jikata. Iska ce kawai!"

"Iska? To, me ya sa ta zari-ruga ke tsalle a karkace?"

"Ka ji ta kuma!" in ji Elmer. "Koci, ɓoye waccan!"

Lindquist ya liƙe hujin. Ya sa ta hura iska da famfo har hannunta ya yi tsami, sannan ya koya mata ɗaure igiyar.

Washegari aka yi wasa, zaure ya cika. Duk lokacin da ƙwallon ta daki ƙasa ta tashi, sai yarinyar ta yi ajiyar zuciya.

A hanyar gida Baba ya riƙe hannunta.

"Son sani abu ne mai kyau," ya ce. "Amma kafin ki buɗe abin da ba naki ba, ki tambaya, ki kuma jira amsa. Yanzu zo in nuna miki cikin ta zari-rugar."