Ruwan Raɓa da Lemon Marigayiya

A layin tankar ruwa ta fara ganinsa, durƙushe a bakin hanya yana kallon wani baƙin ƙwaro kamar ya ga ɗan'uwansa.

"Malam, layi na tafiya fa," ta ce. "Ko ƙwaron ne zai ɗebo maka?"

"Shi ai ya riga ya sha," ya ce yana murmushi. "Dubi bayansa. Ƙurajen nan ke kama raɓa da hazon safiya, santsin tsakaninsu ya gangaro masa da ruwan har baki. Irinsa nake ƙerawa a fallen kwano."

Tun ranar ta raɗa masa Mai Ƙwaro, shi kuma yake kiranta Raɓa. Kafin su ankara so ya yi musu kamun kazar kuku.

Babanta dai bai ga abin dariya ba. Tun rasuwar mamanta ya zama shiru-shiru, kullum yana zaune gaban bishiyar lemon da marigayiyar ta dasa, wadda fari ya kakkaɓe wa ganye. Ga kuma direban tankar yana neman aurenta.

"Ba zan ba mai farautar iska 'yata ba," in ji Baba ranar da Mai Ƙwaro ya zo gaishe shi. "Kafa kwanonka a bayan gida. In na ga ruwa a bokiti mu yi magana, in babu ka shafa mana lafiya."

Ya kafa. Kullum da hantsi sai a tarar da kwanon a jiƙe, bokitin kuwa danshi kawai. Ran nan saƙonsa ya shigo wayarta:

"Raɓata, a wurin aikinmu yana zuba, a gidanku ya ƙi. Anya ba direban nan ke zubarwa ba?"

"Ni da Baba kaɗai ke shiga bayan gida. Ni kake zargi ke nan?"

"Wallahi ban zarge ki ba. Amma na yi wa Baba alkawari. Gobe zan kwance kayana. Ki yafe mini."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Gari na wayewa ta zagaya don ta yi wa kwanon kallon ƙarshe, sai ga Baba a tsugunne yana tsiyaye bokitin a gindin lemon. Rassan duk sun yi sabon toho.

"Baba, ashe kai ne?"

Ya ajiye bokitin a ƙasa.

"Ranar farko ƙaryarsa na zo gani, na tarar da ruwa. Na ce bari in ba itacen mamanki. Da ya fara toho na kasa dainawa, na kuma kasa faɗa." Ya dube ta. "Ita ta tafi. In kema kin tafi, wa ya rage mini?"

Ta durƙusa ta riƙe hannunsa, su duka suna hawaye. A haka Mai Ƙwaro ya same su, da sifana a hannunsa.

"Mai da sifanarka aljihu, ɗana," in ji Baba. "Kwanon ka bar mini. Ita za ka ɗauka."

Mai Ƙwaro ya ce, "Ba nisa za mu yi ba, Baba. Ai kwanon yana son wanki, kullum za ka gan mu."

Ranar ɗaurin aure lemon ya yi fure. Baba ya tsinko ɗaya ya sa a tafin 'yarsa.

"Wannan daga mamanki ne. Allah ya yi muku albarka, ya sanyaya gidanku."