Mai Barci a Bayan Agogon Mota

Dogo mai gyaran wayar mota ba ya jin magana, tun yana yaro haka yake. Ranar da kawunsa ya kawo tsohuwar motarsa gareji, rana ta riga ta yi ja.

"Agogon gaban nan za ka canja min," in ji kawun. "Ƙas-ƙas kawai ya iya, hannunsa ba ya motsi. Surutu ba aiki, kamar kai. Amma ka bari sai da safe, ba a buɗe abin da ke rufe da magariba."

"Kawu, ashe tsoro da furfura tare suke fitowa?"

Kawun ya yi tsaki, ya tafi salla. Dogo ya faɗa kujerar direba, ko bismilla babu. Ya kwance murfin, ya zaro agogon, ya cire masa waya. Ƙarar ta ɗauke.

Sai wani wari ya fito daga ramin da agogon ya bari. Ba na baƙin mai ba ne, ba na ƙonanniyar waya ba. Ƙarnin nono ne da zanin goyo.

Sabon agogon mai lambobi ne, ba ya ƙara. Dogo ya cusa hannun dama cikin ramin yana laluben waya. Ciki da ɗumi. Wani abu mai laushi ya cafke babban yatsansa, ya fara tsotso.

Ya fizge yatsan. Kukan jariri ya tashi, siriri, daga can cikin ƙarfe.

Yatsu masu sanyi suka damƙe masa wuyan hannu.

"Ka tayar min da yaro," in ji wata murya ta mace, dab da kunnensa. "Ƙarar nan ce ke sa shi barci."

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri."

"In bai yi shiru ba, hannun nan ya zama nasa."

Da hannun nan Dogo yake ciyar da iyalinsa. Ana jansa ciki. Gwiwar hannu ta shige.

Ya ɗaga harshe ya buga a ganɗa. Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Kukan ya lafa.

Dogo bai daina buga harshen ba. Ya laluba kujera da hagu, ya ɗauko tsohon agogon. Bakin wayar ya leƙo daga ramin, kamar an miƙo masa. Ya jona.

Agogon ya karɓi ƙarar. Aka sake shi.

Kawun ya dawo ya tarar da shi zaune a ƙasa, gumi sharkaf.

"Ka canja?"

"Kawu, wannan ma lafiyarsa ƙalau."

Yatsan nan har yau a yamutse yake, fari fat, kamar ya kwana a ruwa. Kuma kullum kafin rana ta yi ja, Dogo na gidan kawunsa yana duba batirin motar, ba wanda ya aike shi. Ya san ranar da batirin ya mutu, agogo zai yi shiru. Ya kuma san wanda za a zo nema.